JIRGIN TUDU DA GANGARE: IN ZA A KAI YARA FILIN WASANNI

Hutun ƙarshen shekara ya gabato, yara kuwa sun fara lissafin inda za a kai su. A dā abin da yaro yake sa rai a Kirsimati shi ne sabuwar riga, da shinkafa da nama, da yawon gaida dangi. Yanzu an sami ƙari. Yaran birni, har da na ƙauye masu ganin hotuna a waya, suna roƙo a kai su filin wasanni irin na Legas ko Ibadan ko Abuja, inda akwai lilo mai inji, da dawakin wasa masu zagayawa, da ƙananan motoci masu karo da juna. Abin da ya fi ɗauke musu hankali shi ne wani ɗan jirgi mai bin dogo, wanda yakan hau sama a hankali, sa'an nan ya gangaro da gudu, mutanen ciki suna ta ihu. Turawa suna ce da shi rola-kosta. Mu a nan za mu kira shi jirgin tudu da gangare.

Iyaye da dama cikin ekklesiya sun yi mana tambaya biyu. Ko ya kamata mai bi ya ba da kuɗinsa domin a tsorata shi? Kuma ko wannan ba jefa rai cikin hatsari ba ne? Tambayoyin suna da nauyi, gama ran yaro amana ne, kuɗi kuma da gumi ake samunsa. Bari mu duba asalin jirgin nan, da yadda yake aiki, da abin da ya wajaba a kan uba da uwa.

Daga ƙanƙara zuwa ƙarfe

Tun cikin ƙarni na 17 mutanen Rasha sukan kafa dogon dandamali na katako a lokacin sanyi, su zuba ruwa a kan gangarensa. Ruwan ya daskare ya zama ƙanƙara mai santsi. Sai mutum ya hau ta matakala, ya zauna a kan ɗan abin zama, ya sulalo ƙasa. Faransawa suka yi sha'awar wasan, amma ƙasarsu ba ta da sanyi irin na Rasha, saboda haka suka sa wa abin zaman ƙafafu. A 1817 aka buɗe irin wannan a birnin Paris. Har wa yau sunan jirgin nan da Faransanci shi ne "duwatsun Rasha", kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru za su shaida.

A Amurka kuwa daga wurin haƙar kwal abin ya faro. A 1827 aka shimfiɗa dogo daga kan wani dutse a jihar Pensilbaniya domin sauko da kwal. Taragun sukan gangaro da nauyin kansu, alfadarai su jawo su sama in an sauke kaya. Da mutane suka ga daɗin gangarowar, sai suka fara biyan kuɗi a ɗauke su. A 1884 wani mutum mai suna LaMarcus Thompson ya gina jirgi domin wasa kaɗai a Coney Island, bakin teku a birnin New York. Kuɗin hawa senti 5 ne, gudunsa kuwa wajen kilomita 10 a awa, har mai keke yana iya wuce shi. Masu ba da labarinsa sukan ce shi malamin makarantar Lahadi ne, wanda ya gaji da ganin samari suna ƙare ranar hutunsu a gidajen giya, ya so ya ba su abin nishaɗi mai tsabta.

Daga nan abin ya yi ta girma. Akwai wani na katako mai suna Cyclone da aka buɗe a Coney Island a 1927, har yanzu ana hawansa. A 1959 aka fara yin dogon da bututun ƙarfe a Disneyland, wanda ya sa ana iya lanƙwasa shi yadda aka ga dama. A 2010 aka buɗe wani a Abu Dhabi mai gudun kilomita 240 a awa, har sai an ba fasinjoji tabarau domin kare idanunsu. Waɗanda suke biranenmu ƙanana ne in an gwada su da wannan, amma hanyar aikinsu ɗaya ce.

Jirgin da ba shi da inji

Abin da yakan ba 'yan makaranta mamaki shi ne, babu inji a cikin jirgin nan, babu direba kuma. A yawancinsu wata sarƙa ce take jan taragun zuwa kan tudu na fari. Da sun kai ƙoli sai sarƙar ta sake su. Daga nan har ƙarshen tafiya, abin da yake tura su shi ne ƙarfin nan da Allah ya sa a cikin halitta, mai jan kowane abu zuwa ƙasa, wanda yake sa mangwaro ya faɗo daga itace. In tudun ya kai mita 30, watau kamar bene mai hawa goma, jirgin yana iya kaiwa gudun kilomita 80 a awa kafin ya iso gindi. Wannan gudu ne yake hawar da shi tudu na biyu. Amma iska da gugar dogo suna rage masa ƙarfi kaɗan kaɗan, shi ya sa tudu na fari yakan fi sauran tsawo.

To, me ya hana shi tashi daga kan dogo? Ƙafafunsa iri uku ne. Waɗansu suna bisa dogo, waɗansu suna gefe, waɗansu kuma suna ƙarƙashi, sun kama dogon kamar yadda hannu yake kama sanda. Wani injiniya mai suna John Miller ne ya yi rajistar dabarar ƙafafun ƙarƙashi a 1919. Ƙarar nan kuma da ake ji sa'ad da jirgin yake hawa, ƙas ƙas ƙas, ƙugiya ce take faɗawa cikin haƙoran ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Ko sarƙa ta tsinke, ko an ɗauke wuta, ƙugiyar za ta riƙe jirgin kada ya koma da baya. Birkin ƙarshe ma, a jirgin da aka ƙera daidai, an yi shi yadda zai kama da kansa in wuta ta ɗauke. Abu na ƙarshe shi ne sandar ƙarfe da ake saukarwa a kan cinya ko kafaɗa, wadda fasinja ba ya iya buɗewa sai ma'aikaci ya sake ta.

Saboda haka maƙera sun yi nasu. Abin da ya rage yana hannun masu kula da filin, da hannunmu iyaye.

Abin da muka gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wani hutu muka ɗebi iyali, mu da uwargida da yara huɗu, muka tafi wani fili irin wannan. A bakin layin jirgin akwai sanda da aka yi wa alama, duk yaron da kansa bai kai alamar ba, ba a barinsa ya hau. A irin waɗannan jirage alamar takan kasance tsakanin santimita 120 da 140. Wani magidanci a gabanmu ya raɗa wa ɗansa ya yi ɗage. Ma'aikacin ya gane. Sai uban ya ce, "Haba Malam, saura fa yatsa biyu. Ai Allah zai kiyaye." Saurayin ya amsa da ladabi, "Yi haƙuri, Baba. Doka ce, ba ni na sa ta ba."

Saurayin nan ya yi daidai. An auna sandar cinya domin jiki mai wani girma. Sa'ad da jirgi ya haye tudu da gudu, jikin mutum yakan ɗaga daga kujera, ƙaramin yaro kuwa yana iya zamewa ta ƙarƙashin sandar. Maganar "Allah zai kiyaye" gaskiya ce, amma ba a nan ne wurinta ba. A Matiyu sura 4, Shaiɗan ya kai Ubangijinmu Yesu ƙolin Haikali, ya ce ya dira tun da mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, domin wannan gwada Allah ne. Wanda ya karya dokar tsaro yana kiran sunan Allah ya yi abin da Yesu ya ƙi yi. Ban da haka, yaron da ubansa ya koya masa ɗage a bakin layi ya koyi cewa ƙaramin ha'inci ba laifi ba ne. Gobe a ɗakin jarrabawa za mu gamu da shi.

Da layi ya zo kanmu, 'yarmu mai shekara tara, wadda tsawonta ya kai, ta ɗaga kai ta dubi tudun, ta ce, "Baba, ni ba zan hau ba." Yayyenta suka fashe da dariya. Muka tsawata musu, ta koma wurin uwarta da auta, suka tafi hawan dawakin wasa. A layin nan kuwa mun ga an ja wata yarinya tana kuka, ana ce mata matsoraciya. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Tsoron jirgin nan yana da daɗi ga wanda ya zaɓe shi da kansa. Ga wanda aka tilasta, azaba ce. Yaron da aka tura cikin abin da yake tsoro yakan fito da tsoronsa, ya ƙara da rashin amincewa da wanda ya tura shi.

Mu da samarin biyu muka hau. Jirgin ya yi ta hawa, rufin gidaje ya koma ƙasa, motoci suka zama kamar ƙwaro. Babban ɗanmu, wanda tun daga gida yake cika baki, ya yi tsit. Da muka kai ƙoli sai ya ce a hankali, "Baba, kana nan?" Muka ce, "Ina nan." Sai gangara. Ciki ya yi kamar an bar shi a sama, iska ta cika baki, ba wanda ya san sa'ad da ya fara ihu. Cikin minti biyu an gama, samarin suna dariya suna roƙon a sake.

Mun lura da abu ɗaya. Kowa ya ƙanƙame ƙarfen gabansa har yatsu suka yi ciwo, amma waɗanda suka ɗaga hannuwa sama ma ba su faɗi ba. Sandar da maƙeri ya sa ita ce ta riƙe mu duka. Da dare wajen addu'ar iyali muka yi magana a kan wannan. Akwai ranakun da rai yakan gangara da gudu, ranar ciwo, ko rasuwa, ko rashin aiki. A irin ranar nan ƙarfin riƙonmu kaɗan ne, Ubangiji ne yake riƙe da nasa. Yaro kuwa yakan fara koyon wannan daga uban da ya ce "Ina nan", aka kuma same shi a wurin.

Kafin a tashi

A fara da lissafi. Akwai kuɗin mota, da na shiga, a wurare da yawa kuma kowane wasa da tikitinsa. A Luka sura 14 Yesu ya yi misali da mai ginin da ya kamata ya zauna ya ƙidaya kuɗinsa kafin ya sa harsashi. Kada a taɓa kuɗin makaranta, ko na baiko, kada kuma a ci bashi domin wasan yini ɗaya. A gaya wa yara tun daga gida wasa nawa kowa zai hau. A tambaya ko ana barin shiga da abinci, gama tukunyar dafa-duka da gorar zoɓo daga gida suna rage kashe kuɗi ƙwarai. A zaɓi ranar da ba za ta hana sujada ba.

Mace mai ciki kada ta hau. Haka kuma mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mai ciwon baya ko wuya. Kada a hau da cikakken ciki, domin jujjuyawar takan kawo jiri da amai. Mata su ɗaure gyale da ɗankwali sosai, ko su ba wani ya riƙe, gama dogon mayafi yana iya sarƙewa a ƙarfe. Waya da tabarau da hula su zauna a ƙasa. A nuna wa yara wurin haɗuwa in an rabu, a sa wa ƙanana takarda mai lambar waya a aljihu. A sha ruwa da yawa saboda rana.

Uba ya tsaya ya kalli jirgin ya yi zagaye biyu ko uku kafin ya sayi tikiti. Ma'aikata suna bin kujeru suna gwada kowace sanda? Suna auna yara? Ƙarfen yana da fenti, ko tsatsa ta ci shi? In hankali bai kwanta ba, a wuce, ko da yara za su yi fushi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga waɗanda ba za su iya zuwa ba

Gidaje da yawa suna nesa da irin filin nan, waɗansu kuma aljihu ba zai ɗauka ba. Kada wannan ya sa kowa baƙin ciki. Akwai gidan namun daji a Jos da Kano. Akwai dutsen bayan gari, da bakin rafi, da lilon igiya a reshen tsamiya. Abin da yaro yake nema a ƙarƙashin roƙonsa shi ne yini guda wanda ubansa da uwarsa suka ajiye aiki domin sa. A Markus sura 6, sa'ad da aiki ya yi wa almajirai yawa har ba su da zarafin cin abinci, Yesu da kansa ya janye su gefe su huta. Ubanni da yawa cikinmu muna da lokacin taron kwamiti, da na gona, da na kasuwa, 'ya'yanmu kuwa sai su gan mu a gajiye da dare.

Ga amsarmu ga masu tambaya. Hawan jirgin tudu da gangare ba zunubi ba ne, ba kuwa gwada Allah ba ne, muddin kuɗin na halal ne kuma ba a tauye wata bukata ba, an bi dokokin wurin ba tare da ha'inci ba, ba a kuma tilasta wa kowa ba. In an tashi a yi addu'a, in an dawo a yi godiya. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku a wannan hutu, ya komo da ku gida lafiya. Amin.