Kafin ka sa wa na'urarka wata caja, duba abubuwa huɗu

Don bakin caja ya shiga ramin na'ura, ba shi ke nuna sun dace ba. Ni ma sai da na yi asara na gane haka. Cajar rawutata ta ɓata, na ɗauko ta laftof mai 19V na soka, alhali rawutar 12V take ci. Nan take na ji ƙauri, shi ke nan ta tafi.

Juya bayan cajar ka nemi inda aka rubuta "Output", ka gwada da rubutun da ke jikin na'urar.

1. Lambar V: dole su zama iri ɗaya. In ta yi yawa na'urar ta ƙone, in ta gaza ta ƙi tashi.

2. Lambar A: ta cajar ta kai ta na'urar ko ta fi ta. Na'ura iya buƙatarta take ja, don haka caja mai 12V 2A za ta riƙe rawuta mai 12V 1A lafiya lau. In ta gaza, cajar ce za ta yi zafi, na'urar ta riƙa ɗaukewa.

3. Alamar + da −: ɗan zanen da ke nuna wanne ne a tsakiyar bakin. Yawanci + ne, amma ka tabbatar, domin in suka saɓa ɓarna ce.

4. Girman baki: mai ramin milimita 2.1 da mai 2.5 kamarsu ɗaya a ido. In yana lilo, ko sai an danna da ƙarfi, bar shi.

In ka samu wadda ta dace, manna mata takarda da sunan na'urar, kada gobe wani ya musanya.