Hukuncin Yaro Mai Laifin Jini a Ƙasar Kwatarkwashi

Idan yaro ƙarami ya zub da jini, abin da alƙali zai fara dubawa, a Kwatarkwashi ko a Gusau, shi ne ko yaron ya san nauyin abin da ya aikata. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, ta 1959, ta ɗauke laifi daga wanda bai cika shekara 7 ba. Daga 7 zuwa 12 kuwa sai an auna hankalinsa. Dokar shari'a ta Zamfara, ta 2000, ta riƙe iyakar nan ta shekara 7. A mazhabar Malikiyya ba a yi wa yaro ƙisasi. Gangancinsa a matsayin kuskure yake, diyya kuwa tana kan danginsa na wajen uba. Watau jinin mamaci bai tafi a banza ba, yaron kuma an bar masa ƙofar gyara.