Gudun Kurtu Ba Na Magidanci Ba Ne

Duk sanda aka ji wani ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo ko a wajen motsa jiki, kafin a yi masa sutura magana ta riga ta zaga majalisu da wayoyin jama'a, hukuncin kuma ɗaya ne: gudu ne ya kashe shi. Daga nan sai mutanen birnin Zazzau su kasu biyu. Masu teɓa su ce ga irinta nan, gara mutum ya zauna lafiya da tumbinsa. Matasa kuma su ce kwana ne ya ƙare, gari na wayewa su ɗaura kambas su fita da ƙarfin da ya fi na jiya. A ganina duka biyun kuskure ɗaya suke yi. Sun ɗauka gudu wahala ce, in kuwa bai kai ga wahala ba to ba a yi komai ba.

Zariya tana da dalilinta na wannan ɗauka. Tun 1924 Daffo yake nan yana horar da kuratan soja, kuma da su muka buɗi ido: sahu-sahu, ana waƙa, zufa na zuba, ga tsallen kwaɗo da gwale-gwale. Shi ya sa in aka ce wa Bazazzagi gudu, hoton da yake zuwa masa ke nan. Abin da ake mantawa shi ne kurtu yaro ne ɗan shekara 18 zuwa ashirin da 'yan kai, sai da likita ya tantance shi kafin a ɗauke shi, kuma kusan wata shida ake yi ana ɗora masa nauyin a hannun malamai. To ina ya haɗu da magidanci ɗan shekara 45 da ke wuni a zaune a shago ko a ofis, wanda ko cefane zai yi a bakin layi sai ya tayar da babur? Ranar da likita a asibitin Shika ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya ce masa jininsa ya hau, ya je ya riƙa motsa jiki, washegari sai ya nufi Ƙofar Doka a guje kamar an biyo shi. Kwana uku gwiwa ta kumbura, ya ajiye takalmi, ya shiga sahun masu cewa gudu cuta ne.

Maganar zuciya ita ce abin tsoron, kuma tsoron yana da tushe. A 1993 likitoci a Amurka sun buga wani bincike da suka yi a kan mutum fiye da 1,200 da suka gamu da bugun zuciya. Sun gano cewa wanda bai saba motsa jiki ba, in ya afka wa aikin ƙarfi farat ɗaya, haɗarin bugun zuciya a sa'ar da ta biyo baya yana ninkuwa fiye da sau 100. Ga wanda yake motsa jiki sau biyar ko fiye a mako kuwa, ninkin bai kai uku ba. Ashe laifin ba na gudu ba ne, na garaje ne, garaje kuwa ba ƙarfi ba ne. An kuma bi diddigin 'yan tseren dogon zango a Amurka daga 2000 zuwa 2010: cikin mutum miliyan 10.9 da suka shiga, 59 ne zuciyarsu ta tsaya, akasarinsu da ma da ciwon a ɓoye.

Wannan ɓoyayyen ciwo shi ne abin lura. Dattawanmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana tsakiyar wasan Najeriya da Angola, yana ɗan shekara 25. Da aka bincika gawarsa sai aka tarar zuciyarsa ta yi girma fiye da ƙima, ga kuma hawan jini. Idan ƙwararren ɗan wasa zai yi yawo da irin wannan bai sani ba, ina ga mu? Kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su taɓa miƙa hannu an auna ba, alhali ko a asibitin sha-ka-tafi aikin minti biyar ne. Duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90, ko yake da ciwon suga, asma ko sikila, ko yake jin nauyi a ƙirji, jiri da haki ba gaira ba dalili, ko kuma a danginsa an yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, ya ga likita kafin ya ga hanya. Mai zazzaɓi kuma ya kwanta ya sha magani. Ba a korar zazzaɓin cizon sauro da gudu.

Sai maganar gwiwa, wadda ake yi kamar karatu: gudu yana cinye gwiwa. A 2017 an tattara bincike a kan mutum fiye da 100,000, aka duba amosanin gwiwa da na kwatangwalo. Cikin masu gudu don lafiya kashi 3.5 cikin ɗari ne ke da shi. Cikin masu zaman wuri ɗaya kashi 10.2. Waɗanda suka zarce su ne 'yan gasa da suka shekara da shekaru suna gudun da ya wuce misali, su ne ke da kashi 13.3. Guringuntsin gwiwa ba shi da hanyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kuma sai ana taka ƙafa ana ɗagawa ruwan yake ratsa shi. Zama ya fi gudun lafiya cutar da shi.

To me ya kumbura gwiwar magidancinmu? Nan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Sassan jiki ba tare suke ƙarfi ba. Zuciya da huhu da tsoka jini yana isarsu sosai, cikin 'yan makonni sai su saba, haki ya ragu, mutum ya ji shi sakayau. Amma agara da sauran jijiyoyin da ke ɗaure gaɓɓai, da ƙashin ƙwauri da na tafin ƙafa, sai an yi watanni kafin su ƙarfafa. Ga shi kuma duk takun gudu ɗaya ƙafa tana karɓar nauyin jiki ninki biyu zuwa uku. Saboda haka a mako na uku ko na huɗu, lokacin da ƙirji yake ce wa mutum ya ƙara, ƙafa ba ta shirya ba tukuna. A nan masu farawa da yawa suke jin ciwo, daidai lokacin da suke ganin sun fara iyawa.

Mutanen birnin da ya fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, shahararren magini, ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Maginin ƙasa ba ya tayar da katanga rana ɗaya ko da tubali ya cika fili, ko da leburori sun yi yawa. Yakan ɗora 'yan sahu, ya yaɓa, ya tafi ya bar ta ta sha iska, sai ta bushe ya dawo ya ɗora wasu. Wanda bai san gini ba zai ce an yi asarar ranar da ba a yi aiki ba, alhali a ranar ce katangar take yin ƙwari. In aka matsa wa magini ya ɗora a kan ɗanye, ko ta tsage ko ta zube. Haka ƙafa take. Gudu yana yi wa tsoka da ƙashi 'yan ƙananan raunuka da ido ba ya gani, jiki kuma a ranar hutu da lokacin barci yake gyara su, gyaran ya fi na da ƙarfi. Mai gudu kullum tun makon farko a kan ɗanye yake gini.

Akwai tsari mai sauƙi da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya fitar a 1996, wanda hukumar lafiya ta Birtaniya ta ɗauka take koya wa jama'arta. Mako tara ne, fita uku a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani. A makon farko mutum zai yi tafiya da sauri ta minti biyar, sannan sassarfa ta daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, ya yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako sassarfar tana ƙaruwa, tafiyar tana raguwa, har a mako na tara a yi minti 30 ba tsayawa. In mako ya yi nauyi a maimaita shi, ba jarrabawa ba ce. Mai jiki sosai, ko wanda ya haura hamsin, ya fara da wata guda na tafiyar ƙafa zalla.

Saurin fa? Ba sai da agogon dubban naira ba. In kana sassarfa ka haɗu da maƙwabcinka ya fito daga masallaci, ka iya yi masa ina kwana, ina gajiya, ya iyali, har ku kai ƙarshen gaisuwa numfashinka bai yanke ba, to saurinka daidai ne. In sai dai ka ɗaga masa hannu, ka rage. Na san akwai kunya. Dattijo yana ganin in ya tsaya ya yi tafiya a tsakiyar gudu yara za su ce ya kasa. Su ce mana. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na matsakaicin motsi take nema a mako, wato minti 30 sau biyar, kuma tafiya da sauri tana ciki. Wani bincike na 2014 da ya bi mutum fiye da 55,000 tsawon shekara 15 ya nuna masu gudu sun fi marasa yi kuɓuta daga mutuwar ciwon zuciya da kashi 45 cikin ɗari, har da masu yin minti biyar zuwa goma kacal a rana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu naɗe ciki da leda, su ɗora rigar sanyi a watan Maris ko Afrilu, wai suna narkar da kitse. Zufa ba kitse ba ce, ruwa ne da gishiri. Aikinta sanyaya jiki, kuma ba ta sanyayawa sai ta bushe a kan fata. Leda tana hana ta bushewa, zafi ya taru a ciki, ruwan jini ya ragu, zuciya ta ƙara wahala, ƙoda ta shiga uku. Kilo ɗayan da sikeli ya nuna ya ragu yana dawowa da an sha ruwa. Kitse kuwa ta numfashi mafi yawansa yake fita: masu bincike a Ostareliya sun lissafa a 2014 cewa in jiki ya ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iska, sauran 1.6 ne ruwa. Kuma mai kilo 70 da ya yi kilomita biyar, in ya dawo ya shanye robar lemo biyu, ya mayar da abin da ya ƙona har da riba. Su kuma matasan da ke haɗiyar tiramadol ko maganin ciwon jiki kafin su fita, musamman in an buɗe ɗaukar soja, su sani sun toshe bakin mai gargaɗi ne kawai. Ciwo shi ne yake cewa a tsaya.

Lokaci mafi kyau a bazara bayan sallar asuba ne. Ranar da hunturu ya turnuƙe da ƙura mai asma ya yi motsinsa a gida. Da azumi a bari sai bayan tarawihi. Takalmi kuma ko na gwanjo ne, in yana da laushi kuma bai matse yatsu ba, ya wadatar. Silifas ne dai a'a.

Saura wurin yin gudun, kuma nan laifin ya tashi daga kan magidanci. Mutanen Samaru suna da filayen Jami'ar Ahmadu Bello. Mutumin Kwarbai ko Limancin Kona ko Babban Dodo fa? Lungu ne da kwata a gefe, in ya fito titi ya yi ta kokawa da 'yan acaɓa da Keke Napep yana shaƙar hayaƙi. An faɗaɗa tituna, an yi gadoji, amma da wuya a ga inda aka tuna da mai tafiya a ƙasa. Ganuwar da ta kewaye birnin nan tsawon fiye da kilomita goma mun zuba ido an yi ta ɗibar ƙasarta, an yi gini a wasu wurare, wasu sun zama juji. Da an share gindin abin da ya saura an yi hanyar ƙafa, da an tsare tarihi an kuma rage layin asibiti. Ko wannan ya yi tsada, buɗe filayen makarantun gwamnati daga asuba zuwa ƙarfe bakwai ba ya buƙatar kwangila, sa hannu ne kawai da maigadi.

Mata su aka fi bari a baya, alhali hawan jini da suga ba su san kulle ba. Matar da ba za ta fita ba tana iya zagaya tsakar gida da sauri na minti 20, ƙawaye kuma suna iya takawa tare zuwa Islamiyya maimakon hawa keke. In aka ware wa mata rana ko sa'a a filin makarantar 'yan mata, ba mai ganin su sai 'yan'uwansu, na tabbata za a cika shi. Maigidan da ke sayen maganin hawan jini duk wata shi ya kamata ya fara goyon bayan wannan.

Kai kuma Malam da likita ya ce ka motsa, a makon nan ka je a auna jininka. In an ce ba matsala, ka fita bayan asuba ka yi minti ɗaya na sassarfa da minti ɗaya da rabi na tafiya har minti 20, washegari ka huta, jibi ka sake fita.