Ƙwayoyin Hanji da Maganin Alhaji

A gabashin Makka, tsakanin Harami da Mina, akwai wata babbar unguwa da ake kira Aziziyya. In lokacin aikin Hajji ya zo benayenta sukan cika da alhazai, da yawansu kuwa tsofaffi ne, kowa da ƙunshin maganinsa a jaka, na hawan jini, ko na sukari, ko na zuciya. Kafin a hau Arfa tari da mura sun game gari, kowa yana neman maganin kashe ƙwayoyin cuta. To, maganin tarin nan yana iya jirkita aikin maganin zuciya, ta hanyar da ba kowa zai zata ba, watau ta hanji.

A cikin hanjin ko wane lafiyayyen mutum akwai waɗansu ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana sun ƙiyasta yawansu a jikin mutum ɗaya ya kai miliyan sau miliyan 38, galibinsu a babban hanji. Ba cuta suke kawowa ba. Su ke narka abincin da ya gagari ciki, su ke kuma yin wani kashi na bitamin K mai taimakon jini ya daskare. Amma fa ba sa bambanta tuwo da ƙwayar magani. Abin da ya iso musu duka sai sun taɓa.

Wani lokaci taɓawar alheri ce. A 1935 Gerhard Domagk na ƙasar Jamus ya bayyana wani jan magani, Prontosil, wanda ke warkad da ɓera da mutum, amma in an zuba shi kan ƙwayoyin cuta a cikin kwalba ba ya yi musu kome. Masana a Faransa suka gano sai an raba shi biyu a cikin jiki kafin ya yi aiki. Daga baya aka tabbata ƙwayoyin hanji suna cikin masu rabawar.

Labarin digoxin shi ne ya fi shafar alhazai. Wannan tsohon maganin zuciya ne, mai wuyar sha'ani kuwa, gama tsakanin gwargwadon da ke warkarwa da wanda ke zama dafi rata kaɗan ce. A 1981 Dokta John Lindenbaum da abokan aikinsa a Niyok suka nuna wajen mutum ɗaya cikin goma na masu shansa, ƙwayoyin hanjinsu suna lalata wani kashi nasa tun bai shiga jini ba. Likita kuwa bai san haka ba. Abin da ya gani shi ne maganin bai isa ba, sai ya ƙara, har ya daidaita. Da aka ba irin waɗannan mutane erythromycin ko tetracycline na 'yan kwanaki, ƙwayoyin hanjin suka mutu, digoxin da ke cikin jinin waɗansunsu ya kusa ninkawa biyu, alhali ba su ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Sunan ƙwayar da ke wannan ɓarna Eggerthella lenta. Lalle erythromycin da danginsa suna da wata hanya dabam ta ƙara digoxin a jini, amma dai duk wuri ɗaya ake zuwa.

Yanzu a duba halin dattijon da ya sauka a Aziziyya. Ya sha zafin rana, ruwan jikinsa ya ragu, ƙodarsa wadda ke fid da digoxin ta yi sanyi da aiki. Ga tari ya hana shi barci, sai wani ɗan ɗakinsu ya miƙo masa ragowar maganinsa don zumunci. Bayan kwana kaɗan sai tashin zuciya, da amai, da jiri, wani har yakan ga abubuwa sun koma rawaya-rawaya, bugun zuciya ya rikice. Muguntar abin ita ce kowa zai ce rana ce ta buge shi. Mai shan warfarin, maganin hana jini gudaji, shi ma yana cikin hatsari: in masu yi masa bitamin K sun ragu, jininsa yakan tsinke, dasashi ya riƙa zub da jini, ƙaramin rauni ya ƙi tsayawa.

Ba magani biyu ko uku ke nan ba. A 2019 masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka gwada magunguna 271 da ƙwayoyin hanji iri 76, suka tarar 176 daga cikin magungunan akwai ƙwayar da ke sāke su. A shekarar ce kuma aka bayyana a Harvard yadda wata ƙwaya ke cinye levodopa, maganin ciwon makyarkyata, kafin ya kai ƙwaƙwalwa.

A 2018 hukumar lafiya ta Saudiyya ta tsananta dokar hana sayad da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da takardar likita ba. Ta yi daidai, ko da ya ke doka ba ta leƙa jakar alhaji, inda guzurin maganin da aka sayo a Kano ko Maraɗi ya ke. Tarin Hajji kuwa galibinsa irin na mura ne, wanda maganin nan ba ya yi wa kome. Wanda ciwonsa ya bukace shi da gaske, likitan tawagar alhazai zai ba shi, amma sai an nuna masa kwalayen magungunan da ake sha duka, ba a ce masa wata 'yar farar ƙwaya ce ba. Da ganin sunan digoxin ko warfarin zai zaɓi wani magani dabam, ko ya sa a auna jini kafin a wuce Mina.