Kemistiri Ko Bayoloji: Mararrabar Da Ke Gaban Ɗaliban Kimiyya A Katsina

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, akwai wata muhawara da kan tashi a gidaje da yawa cikin birnin Katsina, tun daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura da sababbin unguwannin bayan ganuwa. Yaro ya ci fannonin kimiyya duka, an yi murna an gama, sai a zo cika takardar shiga karatun share fagen jami'a, inda ƙa'ida ta ce fanni uku kaɗai zai ɗauka. Galibi fiziks yakan sami gurbinsa ba tare da gardama ba. Saura gurbi biyu, ga kuwa fanni uku suna jira, watau lissafi da kemistiri da bayoloji. Tilas ɗaya ya sauka.

A nan ne akan ji yaro yana cewa shi dai a raba shi da kemistiri, domin ya sha wuyarsa a sakandare, bayoloji kuwa karatu ne da hadda. Uba, wanda sau da yawa ma'aikacin gwamnati ne da ya daɗe yana burin a kira ɗansa likita, yakan goyi bayan bayoloji don yana ganin shi ne ilmin jikin ɗan Adam. Shawarar da za a yanke a zaure cikin rabin sa'a ita ce za ta buɗe wa yaron wasu ƙofofi, ta kuma rufe masa wasu, shekaru da yawa kafin ya gane abin da ya faru.

Wannan mararraba ta girmi ɗaliban yau da iyayensu. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda gininta ya zama gidan adana kayan tarihi, an fara ta ne don horar da malaman makaranta. Daga baya ta tashi zuwa Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. A irin waɗannan manyan makarantu ne aka riƙa yin karatun HSC, watau shekara biyu bayan kammala sakandare, ɗalibi yana riƙe da manyan fannoni uku. Da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a cikin shekarun 1980, sai HSC ta gushe daga makarantun gwamnati, amma bukatar da ta haife ta ba ta gushe ba. Tun a 1976 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta kafa jarrabawar IJMB saboda kwalejojin share fage na jihohin Arewa, kuma har yanzu ita ce hanyar da ɗalibai da yawa na Jihar Katsina ke bi, wasu ta makarantar share fagen da jami'ar ke da ita a Funtuwa. Wanda ya ci da kyau yakan nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Wanda ya bi ta jarrabawar JAMB kuwa, hukumar da aka kafa a 1978, bai tsira daga wannan zaɓi ba, domin Turanci wajibi ne, sai fanni uku a bayansa.

Cikin mutanen Katsina da suka taka wannan hanya akwai wanda kowa ya sani. Marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi HSC a Barewa ya gama a 1971, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1972, ya fito a 1975 da digiri a fannin koyarwa da kemistiri, daga baya ya ƙara digiri na biyu a sashen kemistiri mai binciken abin da ke cikin sinadarai. Ya riƙe alli yana koyar da wannan fanni shekaru kafin ya shiga harkar noma da kasuwanci a 1983. Ya zama Gwamnan Jihar Katsina a 1999, Shugaban Ƙasa a 2007. Ba za a ce kemistiri ne ya kai shi can ba. Abin lura dai shi ne fannin bai ɗaure shi wuri ɗaya ba.

To, mece ce gaskiyar maganar ƙofofin nan? Mai son karatun likita, ko haɗa magunguna, ko aikin jinya, ko gwajin jini da sauran aikin ɗakin bincike na asibiti, ana neman fiziks da kemistiri da bayoloji a wurinsa. Mai son zama injiniya ana neman lissafi da fiziks da kemistiri. Mai son ilmin aikin gona ana neman kemistiri, tare da bayoloji ko darasin noma. Duk wanda ya dubi jerin nan da idon basira zai ga suna ɗaya yana ta maimaituwa. Ɗalibin da ya ajiye bayoloji ya rufe wa kansa ƙofar asibiti, amma ta injiniya tana nan buɗe. Wanda ya ajiye lissafi ya rufe ta injiniya, ta asibiti tana nan. Wanda ya ajiye kemistiri kuwa ya rufe duka biyun a lokaci guda, har da ta gona. Saboda haka ga mafi yawan ɗalibai tambayar tun farko an yi ta a karkace. Ainihin zaɓin yana tsakanin bayoloji da lissafi ne, kemistiri kuwa shi ne gadar da ɓangarorin biyu ke takawa.

Wannan magana ba ta yi wa ɗalibai da yawa daɗi, kuma suna da hujjarsu. Kemistiri fanni ne da ba ya yafe rauni a lissafi. Wanda bai iya kaso da gwargwado ba zai tsaya cik tun a babin auna yawan sinadari, kuma duk abin da ya biyo baya a kan wannan babi aka gina shi. Ga kuma matsalar kayan aiki. Yaron da bai taɓa riƙe bututun gwaji yana ɗiga asid cikin alkali har launin ruwan ya sauya ba, sai dai ya ga an zana masa a allo, ba abin mamaki ba ne hannunsa ya yi rawa ranar jarrabawar gwaji. Bayoloji ya fi sauƙin kai a wannan fuska, domin ɗakin gwajinsa yana ko'ina: ga ƙadangare a jikin katanga, ga fara, ga wake da masara, ga ƙashin akuya a mahauta. Malami mai himma yana iya koyar da rabin darasin a gindin bishiyar darbejiya.

Sai dai sauƙin nan na bayoloji na ɗan lokaci ne. Da zarar an wuce zanen fure da sunayen ƙasusuwa, aka shiga yadda jiki ke narka abinci, da yadda ganye ke sarrafa hasken rana, da yadda ɗa ke gadon iyaye, sai ɗalibi ya tarar da kemistirin da ya gudu yana zaune yana jiransa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Cutar sikila, wadda kusan babu unguwar da ba ta san ta ba, ta isa misali. Bayoloji ne ke bayyana cewa idan miji da mata duka suna da rukunin jini na AS, to kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Amma dalilin da ya sa ƙwayar jini ke lanƙwashewa kamar lauje, wannan sai an koma ga kemistiri. A 1949 Linus Pauling, masanin kemistiri a Amurka, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, watau himogilobin. Bayan 'yan shekaru Vernon Ingram a Ingila ya gano cewa a cikin sarƙar da ke da ƙulli 146, ƙulli ɗaya tak ne ya sauya, na shida. Duk raɗaɗin da yaro ke kwana yana kuka saboda shi daga wannan ƙulli ɗaya ya taso.

Ba ma sai an je Turai ba. A garin Wali Ɗan Marina, karofi ya isa ya zama aji. Marini yakan zuba baba da toka a rijiyar rini ya bar su kwanaki. Shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa yadda yake, sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun yi aiki a kansa cikin ruwan toka sun mai da shi mai narkewa. Wannan aikin bayoloji ne. Idan aka tsoma zane aka fid da shi, da fari yakan fito da launin kore-kore, sai iskar oksijin ta taɓa shi ya koma shuɗi ya kama zare. Wannan kuma kemistiri ne. Marinan da suka gaji sana'ar kaka da kakanni sun san lokacin da rijiya ta nuna da lokacin da ta mutu, ta wari da launin kumfa, ba su kuma taɓa raba ilmin gida biyu ba. Takardar jarrabawa ce ta raba shi.

Haka abin yake a gona. Buhun takin yuriya da manomin Funtuwa ko Malumfashi ke saye, kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne, wanda aka zaƙulo daga iska ta hanyar da Bajamushe Fritz Haber ya gano a 1909. Amma a 1975, lokacin da cutar nan mai nannaɗe ganyen gyaɗa ta hana ta girma ta auka wa gonakin Arewa, taki bai yi magani ba. Masana ƙwari da tsirrai ne suka bi sawun ƙwaron da ke yaɗa cutar, kuma masu binciken iri, ciki har da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suka fid da irin gyaɗar da ke jure mata. A Zamfara kuwa, a 2010, da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, an fara zaton wata cuta ce irin ta zazzaɓi. Gwajin jini da na ƙasa ne ya nuna gubar dalma ce, wadda ta yi sanadin rasuwar yara fiye da 400.

Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata iyaye su saurara, ko da tana da ɗaci. Gurbin karatun likita ƙayyadadde ne. Majalisar kula da aikin likita ta ƙasa ita ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, masu nema kuwa sun ninka gurbin sau da yawa. Saboda haka mafi yawan waɗanda suka ɗauki fiziks da kemistiri da bayoloji da niyyar zama likita, a ƙarshe wani fanni akan ba su, ko ilmin ƙananan halittu, ko kimiyyar sinadaran jiki, ko tsantsar kemistiri, ko tsantsar bayoloji. A nan ne tambayar farko takan dawo da ainihin ma'anarta, domin yanzu kam dole a zaɓi ɗaya a zauna da shi shekara uku ko huɗu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma duka suna koyar da fannonin nan biyu. Ɗalibin da ya shiga da fushin an hana shi likita yakan ɓata shekararsa ta farko yana sake rubuta JAMB, ya yi biyu babu. Wanda ya tsaya ya tambayi kansa wanne ya fi iyawa, shi yakan fita da sakamako mai kyau.

Yadda mutum zai san wanda ya fi iyawa ba abu ne mai wuya ba. Wanda yake jin daɗin zama da matsala ɗaya ta lissafi har ya warware ta, wanda kuma ƙa'ida ɗaya mai bayyana abubuwa goma ta fi burge shi bisa sunaye goma, hannunsa na kemistiri ne. Wanda yake da haƙurin kallo da zane, mai riƙe bambancin abubuwa masu kama da juna, wanda ba ya ƙyamar jini ko tsutsa, ya fi kusa da bayoloji. Makin da yaro ya samu a aji huɗu zuwa shida na sakandare ya fi burin uba faɗin gaskiya, sai dai a duba ko ya sami malami a fannin, domin akwai wanda ya ƙi kemistiri alhali bai taɓa haɗuwa da shi sosai ba.

Wannan ya kawo maganar malamai. A kwalejojin ilmi, kamar Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma, mai neman shaidar NCE yakan haɗa fanni biyu ne, kuma haɗin bayoloji da kemistiri sananne ne. Ɗalibai da yawa suna kallon wannan hanya a matsayin ta wanda ya rasa tudun dafawa, alhali ita ce ta fi kowace kusa da samun aiki, domin ƙarancin malaman kimiyya a makarantun karkara abu ne da duk jami'in ilmi ya sani. Jihar Kano ta gane haka tun 1977 da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, Jihar Katsina ma bayan kafa ta a 1987 ta riƙe nata makarantun kimiyya na maza da na mata. Ga 'yan mata musamman, shiga makarantar jinya ko ta ungozoma na bukatar kiredit a fiziks da kemistiri da bayoloji gaba ɗaya, ban da Turanci da lissafi. Yarinyar da aka ba shawarar ta ajiye kemistiri a aji huɗu don a sauƙaƙa mata, an rufe mata wannan hanya tun tana shekara goma sha biyar, a jihar da mata da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwarsu.

Sharuɗɗan shiga kan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, wasu ma sukan nemi mai son likita ya ci fannoninsa biyar a zama ɗaya. Hukumar JAMB tana fitar da kundin sharuɗɗa kowace shekara, fanni bayan fanni, jami'a bayan jami'a, kuma yana nan a intanet kyauta. Yawancin takardun da ake cikawa a shagunan kwamfuta na cikin gari, mai shago ne ke tambayar yaro fannonin da zai sa, layi yana jira a bayansa, ba a kuma buɗe kundin ba.