Wayar da Ka Saya da Araha, Wa Ke Nemanta?

Ɓarawon waya ba ya kwana da ita. Da ya fizge ta a bakin titi, ko ya zare ta daga aljihu a cikin A Daidaita Sahu, sai ya kashe ta, ya cire layin ya jefar, ya miƙa wa mai karɓa. Mai karɓa ya kai a goge ta, daga nan ta faɗa hannun dillali. Shi kuma ya tallata ta a Facebook ko WhatsApp, ko ya tare ka a bakin kasuwa yana cewa mai ita matsuwa ce ta kama shi, iyalinsa na asibiti. Duk cikinsu babu wanda ya sa mata layinsa, don sun san abin da ke biyo baya. Mai sa mata layi shi ne na ƙarshe, wanda ya ƙirga kuɗinsa na halak ya biya, ya koma gida yana murna. Layin nan kuwa, tun daga Disambar 2020 da gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, yana ɗauke da sunansa da hotonsa. Ranar da 'yan sanda suka biyo sawun wayar, ƙofarsa za su fara ƙwanƙwasawa.

Abin da suke bi shi ne wata lamba mai suna IMEI. Kowace waya tana da tata, lambobi 15, daga masana'anta take zuwa da ita, kuma canza layi ko goge waya ba ya taɓa ta. Duk lokacin da waya ta kama sabis, tana sanar da kamfanin sadarwa wannan lamba tare da layin da ke cikinta. Saboda haka idan mai waya ya kai ƙara da lambar a hannunsa, ana iya gano sabon layin da ya shiga cikinta, ko da an yi watanni.

Doka ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Sashe na 317 na kundin Penal Code da Arewa ta gada ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata ko ya riƙe su, alhali ya sani ko yana da dalilin da zai sa ya gane na sata ne. A lura da wannan gaɓa ta biyu. Wanda ya sayi wayar naira dubu ɗari uku a kan dubu tamanin, da dare, a bayan tasha, ba kwali ba rasit, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa bai ji ƙamshin komai ba. A Kano ma, inda ƙwacen waya ya ci rayuka, gwamnati ta bayyana a 2023 cewa za a riƙa ɗaukar laifin a matsayin fashi da makami. Ke nan wayar da ke aljihunka tana iya zama shaida a shari'ar da aka zubar da jini. Ko an wanke ka daga ƙarshe, ka kwana a caji ofis, ka nemi beli, wayar ta koma ga mai ita. A fiƙihu ma haka hukuncin yake: mai kaya ya ɗauki kayansa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka ya biya ka kuɗinka, in ka san inda yake.

To, daga ina za a fara? Ka karɓi wayar a hannunka, ka danna *#06# kamar za ka yi kira. Lambar za ta fito nan take. In mai layi biyu ce, lambobi biyu za ka gani. Ka gwada ta da wadda ke cikin saitin wayar, da wadda ke jikin kwali in akwai, da wadda ke kan rasit. A iPhone, daga 6s zuwa 13, an zana lambar a jikin ɗan farantin da ake ɗora sim. Wayoyin da ake cire musu batir kuma tana ƙarƙashinsa. Dole duka su zo ɗaya. In ta kwali daban ta waya daban, an haɗa mata kwalin aro ne don ta yi kama da mai asali. In ka danna ba abin da ya fito, ko ka ga sifili jere, ajiye ta ka yi gaba.

Akwai wata dabara da mutane ba su cika sani ba. Lambobi takwas na farko a IMEI suna nuna kamfani da samfurin wayar, kuma ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ita ke kula da rabonsu. Idan ka sa lambar a ɗaya daga shafukan intanet masu duba IMEI, zai gaya maka wace irin waya ce. Kana riƙe da Samsung babba, shafi ya ce maka lambar ta wata ƙaramar waya mai madannai ce? An sauya mata lamba ke nan. Wasu masu gyara suna yin haka da kwamfuta, musamman a wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, kuma da wuya ka ga an yi wa waya wannan aiki ba don ɓatar da sawu ba. A Birtaniya tun 2002 aka mayar da sauya IMEI laifi mai zaman kansa.

Daga nan sai a duba ko sunanta ya shiga baƙin littafi. Idan aka sace waya a ƙasashen da ke da wannan tsari, mai ita yana sanar da kamfanin layinsa, kamfanin ya sa lambar a rumbun GSMA, sauran kamfanonin da ke aiki da rumbun su hana ta sabis. Amurka tana da shafin Stolen Phone Checker na kyauta, Birtaniya tana da CheckMEND da ake biyan kuɗi kaɗan, a Pakistan ta saƙo kawai ake tura lambar zuwa 8484. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kasuwanninmu, daga Farm Centre da titin Beirut a Kano zuwa Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja, cike suke da wayoyin da ake kira Landan-yus. Yawancinsu halastattu ne, masu su sun canza sababbi ne aka kwaso tsofaffin. Amma birnin Landan ɗin kansa yana fama da masu fizgen waya a kan babur, kuma 'yan sandan can sun sha faɗin cewa mafi yawan wayoyin da aka sace ƙetare ake fitar da su. Wayar da aka toshe a can tana iya yin aiki lafiya lau a nan, sai ranar da ka sauka da ita a ƙasar da ke bin rumbun ka ga ta ƙi kama sabis.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suna ruɗar kansu. Sai mai shago ya buɗe shafi ya nuna maka koren rubutu, ya ce, "Alhaji duba da kanka, fes take." Abin da koren rubutun ke nufi kawai shi ne babu wanda ya kai rahotonta ga wannan rumbun zuwa wannan lokaci. Wayar da aka ƙwace jiya a Kurna ko a Rigasa ba za ta fito a shafin Amurka ba. Mai ita ma wataƙila bai taɓa rubuta lambarta ba, balle ya kai ƙara. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta jima tana maganar kafa rumbun rajistar wayoyi, amma har yau ɗabi'ar mutanenmu ita ce a toshe layi a yi sabo, a bar wa Allah wayar. Ko ta wajen ma akwai wadda ake sayarwa tana fes, bayan makonni wanda ya sayar ya daina biyan bashinta ko ya ce wa kamfanin inshora ta ɓata, sai a sa ta a littafi tana hannunka. Shafi yana iya tabbatar maka waya ta sata ce, amma ba ya iya tabbatar maka ba ta sata ba ce.

Gwajin da ya fi kama ɓarawo shi ne na makullin asusu. Tun 2013 Apple ya ɗaure kowace iPhone da asusun iCloud na mai ita, ta yadda ko an goge ta ba za ta buɗe ba sai da lambar sirrinsa. Google ya kawo irin wannan a Android a 2015, Samsung da Xiaomi kuma kowanne yana da nasa ƙari. Mai waya na gaskiya cikin minti biyu zai fita daga asusunsa a gabanka. Wanda ba tasa ba ce sai ya fara kame-kame: ta ƙanwata ce ta yi tafiya, na manta lambar, ka je da ita zan turo maka. Kada ka je da ita. Ka sa a cire asusun, a goge wayar gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa, sannan a kunna ta a haɗa da intanet, ka bi matakan buɗewa har ka sa naka asusun. Wannan gogewar ce ke tona asirin wayoyin da aka yi wa bayfas, wato aka zagaye makullin da manhaja. Suna aiki kamar lafiyayyu, amma da an goge su sai makullin ya dawo yana tambayar mai su na asali. Duk mai sayarwar da ya ce kada a goge, ko kada ka taɓa sabunta manhajarta, ya riga ya gaya maka matsalar da bakinsa.

A wannan gogewar ce kuma za ka gane wayar ma'aikata. Kamfanoni da makarantu a waje suna raba wa mutanensu wayoyi da suke juyawa daga nesa, kuma irin wannan takan nuna sunan ma'aikatar yayin buɗewa ko a saman saiti.

Sai makullin bashi, wanda shi ne sabon ramin da mutane ke faɗawa. Kamfanoni irin su M-KOPA da EasyBuy suna ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, kuma akwai manhaja a ciki da ke rufe ta idan aka daina biya. Tsarin ya taimaki masu ƙaramin ƙarfi, amma mazambata sun samu ƙofa. Mutum ya ba da kafin alƙalami ya karɓi sabuwar waya dal da kwalinta, ya biya na mako ɗaya ko na wata, ya sayar maka, ya ɓace. Ranar ciniki komai nata yana aiki, domin ba a bin ta ko kwabo a ranar. Sai wa'adi ya cika ka wayi gari allon ya rufe, ana neman ka biya bashin da ba ka ci ba, kuma gogewa ba ta cire irin wannan makulli. Don haka sabuwar waya a kwali da ake sayarwa ƙasa da kuɗin shago ta fi tsohuwa abin tsoro. Ka leƙa jerin manhajojin da aka ba ikon sarrafa wayar a sashen tsaro na saiti, ka nemi rasit na asali ka ga ko kuɗi hannu aka saye ta. In bashi ce aka ce an gama biya, a kira kamfanin a gabanka da lambar wayar su tabbatar.

Makullin kamfanin layi shi ne mafi sauƙin ganewa. Wayoyin da aka saya a kan yarjejeniya da AT&T ko Verizon ko T-Mobile sukan zo a ɗaure da layin kamfanin. Ka sa naka sim, ka kira, a kira ka, ka kunna data, a kowane gurbi in biyu ne. Ka zaro farantin ka duba ko an shimfiɗa wani siririn cif a ƙarƙashin sim ɗin, domin da shi ake yaudarar wayar ta karɓi layin gida, kuma yana iya daina aiki kowane lokaci. A tuna kuma iPhone 14 da na bayanta da aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin sim sam; in ka ga irinsu da gurbi, an buɗe cikinsu an yi musu aiki.

Bayan duk wannan, tambayar da za a yi maka a caji ofis guda ɗaya ce: wa ya sayar maka? Amsarta ce ke raba wanda zai kwana a gida da wanda zai kwana a bayan kanta. Mai shago yana da wurin zama, yana da maƙwabta, yana da shugabannin kasuwa da za a kai ƙararsa gare su, shi ya sa ƙarin dubu goma ko ashirin da zai ɗora maka ba asara ba ce. Mai tsayuwa a bakin titi da waya a aljihu ba shi da ko ɗaya. In kuwa daga hannun mutum za ka saya, ku haɗu da rana a wurin da aka san shi, gidansa ko wurin sana'arsa, ka zo da shaida. A rubuta takarda mai ɗauke da cikakken sunansa, adireshi, lambar waya da ka kira ta yi ƙara a gabanka, samfurin wayar, IMEI duka biyu, kuɗin da aka biya da kwanan wata, kowa ya sa hannu. Ka ɗauki hoton katin shaidarsa. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan katin, ba na wani mai POS ko "yayana" ba. Kunya kan hana wasu neman waɗannan, musamman in abokin aboki ne ya kawo cinikin. Amma 'yan kasuwar waya na kirki su ma haka suke yi wa duk wanda ya kawo musu ta hannu, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi.

Wanda ya riga ya saya, daga baya ya ga alamar da ta tayar masa da hankali, ko saƙo ya fito a allo cewa wayar ta ɓata ga lambar da za a kira, kada ya kai a yi mata filashin, kada kuma ya yi sauri ya sayar wa wani, domin yin haka bayan ya sani shi ne ainihin laifin da doka ta ambata. Ya tattara rasit da shaidar biyan kuɗi da saƙonnin da suka yi da mai sayarwa, ya samu wani babba ko lauya ya raka shi, ya kai wayar ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, ya tabbatar an rubuta a littafi cewa shi ya kawo ta.