Gigin Tsufa Ko Cuta? Abin da Iyali Ya Kamata Su Sani Game da Cutar Alzaima

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi shekara fiye da talatin tana sayar da daddawa a Masanawa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba wanda ya isa ya ruɗe ta a lissafi. Duk wanda ta ke bi bashi, ko na sule ne, yana cikin kanta. Saboda haka sa'ad da ta soma zuba gishiri sau biyu cikin miya, tana kuma barin tukunya a kan murhu har ta ƙone, sai muka yi dariya muka ce tsufa ne ya zo.

Ba a daɗe ba dariya ta ƙare. Ta soma ɗaure kuɗinta a bakin zane, ta ɓoye cikin rufin ɗaki, ta manta, sa'an nan ta fito tsakar gida tana kuka tana cewa matar ɗanta ce ta sace. Wata rana da almuru cikin hunturu ta fita ba wanda ya gani. Muka kwana muna nema da tocila. Da asuba wani Bafillatani makiyayi ya same ta a gefen hanyar Gwarzo, ba takalmi, tana rawar ɗari. Da ya tambaye ta inda za ta, sai ta ce za ta gidan babanta ne, yana jiranta. Baban nan kuwa ya rasu tun ban shiga makaranta ba.

Daga ranar nan kowa ya zama likita. Waɗansu suka ce iskoki ne, waɗansu suka ce sammu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne raɗe-raɗin da aka soma a bakin rijiya, wai yawon dare irin wannan sai mayya. Matar ɗanta kuma ta haɗa kayanta, ta ce mini, "Malam, ni na gaji da sunan ɓarauniya, gara in koma gidanmu." Da ƙyar muka roƙe ta ta dakata har mu kai tsohuwa asibiti a Kano.

A can likita ya zaunar da ita, ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Inna, zan faɗa miki abu uku, ki riƙe mini su." Bayan minti biyar ya tambaye ta, ko ɗaya ba ta tuna ba. Amma da ya tambaye ta labarin aurenta, sai ta ba shi tiryan-tiryan, har da sunan wadda ta yi mata lalle. Bayan an auna jininta an yi sauran gwaje-gwaje, ya gaya mana sunan abin da ke damunta, watau cutar Alzaima.

Inda sunan ya samo asali

A shekarar 1901 aka kawo wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, asibitin masu taɓin hankali a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Tana mantuwa, tana ɓoye kaya, tana zargin mijinta. Likitan da ya duba ta shi ne Dokta Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga ta motse, ya kuma ga waɗansu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da waɗansu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu. A 1910 shugabansa Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunansa.

Yau an san cewa dunƙulen nan wani sinadari ne da a ke kira amiloid, zaren kuma wani ne da a ke kira tau. Su ne su ke taruwa sannu a hankali, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yi ta mutuwa. Ɓarnar ta kan soma shekara goma ko fiye kafin iyali su lura da kome, kuma ta kan fara taɓa sashen da ke ajiye sabon abu. Ku ɗauka rumbu ne wanda bakinsa ya toshe: hatsin bana ba ya shiga, amma na bara da na bara waccan suna nan ciki. Shi ya sa Gwaggo ta ke tuna bikinta, ba ta tuna ko ta ci tuwo ɗazu.

Ba a ƙasar Turawa kaɗai ta ke ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 55 ne ke fama da lalacewar ƙwaƙwalwa irin wadda mu ke kira gigin tsufa, kuma kowace shekara a kan sami sababbi kusan miliyan 10. Cikin kowane goma, shida ko bakwai cutar Alzaima ce. Fiye da rabinsu suna zaune a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Ba ta kuwa san babba ba: Ronald Reagan, tsohon shugaban Amurka, ya sanar da mutanensa a 1994 cewa ya kamu, ya rasu a 2004.

A nan Nijeriya, tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, a ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa kai da na Indiyana a Amurka, suka gwama tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis. Suka tarar cutar ta fi yawa a can Amurka nesa ba kusa ba, amma a Ibadan ma akwai ta. A Zariya kuma wani binciken likitoci da aka buga a 2011 ya sami kusan mutum uku cikin ɗari na tsofaffin da aka duba suna da lalacewar ƙwaƙwalwa, yawancinsu kuwa Alzaima ce. Ashe tana cikin gidajenmu tun dā, suna ne kawai ba mu ba ta ba.

Yaya za a bambanta ta da mantuwar tsufa?

Kowane tsoho ya kan manta inda ya ajiye hularsa, anjima ya tuna. Wannan ba cuta ba ce. Abin lura shi ne mantuwar da ke ƙaruwa wata bayan wata har ta hana mutum abin da ya saba yi: maimaita tambaya ɗaya sau goma, ɓacewa a hanyar da ya bi duk rayuwarsa, kasa ƙirga canji, rasa sunan abu kamar ludayi ko fartanya, zargin mutanen gida da sata, da canjin hali, mai haƙuri ya koma mafaɗaci. Can gaba ya kan kasa gane 'ya'yansa, ya kasa wanka da cin abinci da kansa. Yawanci tana kama waɗanda suka wuce shekara 65, mata kuma sun fi maza yawa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a ƙwarya ɗaya ko kwana ɗaki ɗaya. Ba maita ba ce, ba kuwa alhakin wani ba ne.

Me ya sa za a je asibiti in ba ta warkewa?

Wannan ita ce tambayar da ɗan Gwaggo ya yi mini, gama kuɗin mota daga Kabo zuwa Kano ba wasa ba ne. Dalili na fari shi ne, ba kowane ruɗewa ne Alzaima ba. Zazzaɓi mai zafi, ciwon mafitsara, ƙarancin sinadarin B12 a jini, ciwon maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani, da shan magunguna barkatai, duk suna iya ruɗa tsoho, waɗannan kuwa suna da magani. In ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaggauta kai shi, kada a jira. Akwai kuma lalacewar ƙwaƙwalwa da hawan jini da shanyewar jiki ke kawowa, wadda riƙe hawan jinin ya kan rage mata gudu.

Na biyu, akwai magunguna irin su donepezil da memantine waɗanda su kan ɗan sauƙaƙa alamun na wani lokaci ga waɗansu, ko da ya ke ba su tsayar da cutar. A 2023 Amurka ta amince da wani sabon magani mai suna lecanemab wanda ke rage saurin cutar kaɗan a farkonta, amma yana da tsada ƙwarai, yana kuma bukatar gwaje-gwaje masu yawa. Duk wanda ya zo kasuwa da lasifika ya ce yana da maganin da ke warkar da ita sarai, kuɗinku ya ke so. A fara da babban asibiti mafi kusa, kamar na Gwarzo, su za su tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Dawanau in da bukata.

Zama da mai cutar

Ga abin da shekara uku na jinyar Gwaggo suka koya mana, haɗe da shawarar likita.

1. Kada ku yi gardama da shi. Da fari in ta ce za ta wurin babanta, mu kan ce, "Ai ya rasu tuntuni." Sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi mutuwar. Yanzu sai mu ce, "Gwaggo, ba mu labarin Baba mana," mu kawo mata fura. Kafin ta gama labari ta manta da tafiyar.

2. In ya yi zargin sata, kada ku ɗauka a zuci. Ku ce, "Bari mu nema tare." Ku san wuraren da ya saba ɓoye kaya. Mu mun bar mata 'yan canji kaɗan a bakin zane, sauran kuɗin yana hannun ɗanta.

3. Ku tsare lokaci. Ci, wanka da kwanciya su kasance a kan sa'a ɗaya kullum, kada a riƙa sauya masa ɗaki. Almuru shi ne lokacin da ruɗewa ta fi tashi, don haka a kunna fitila da wuri, wani ya zauna kusa da shi.

4. Ku kawar da haɗari. A rufe rijiya da murfi mai nauyi. A ɗauke ashana, kananzir, maganin feshi da takin zamani daga inda hannunsa zai kai. Kada a bar shi shi kaɗai da kaskon wuta cikin ɗaki da hunturu.

5. Ku gaya wa maƙwabta da mai unguwa da 'yan acaɓa gaskiya. Ɓoyewa ita ce ta haifi zancen maita a kanmu. Mun ɗinka ƙyalle mai sunan gari da lambar waya a cikin rigarta, mun kuma rataya ƙararrawa a ƙyauren zaure. Ɗaure tsoho da igiya ko sa masa mari zalunci ne, yana kuma ƙara masa firgita.

6. Ku ba shi aikin da hannunsa ya sani. Gwaggo ba ta iya dafa daddawa yanzu, amma tana ɓare gyaɗa, tana tsince wake, tana kuwa jin daɗi an ce mata sannu da aiki. Waƙoƙin sujada da ta koya tana budurwa suna nan a bakinta ba kuskure, ko a ranar da ba ta gane ni ba.

7. Ku yi magana a hankali, kuna fuskantarsa, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ku yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan, kada kuma a bar yara su maishe shi abin wasa.

8. Maganar gona, bashi da gado a daidaita ta da wuri gaban shaidu, tun yana iya faɗin abin da ya ke so.

Mai jinya ma mutum ce

A gidajenmu nauyin nan kusan kullum a kan mace ɗaya ya ke faɗuwa, 'ya ko matar ɗa. Ita ce ba ta barci, ita ce mai wankin ƙazanta, ita ce kuma a ke zagi. Sa'ad da muka komo daga Kano na tara 'yan'uwa, na maimaita musu abin da likita ya ce, a gaban kowa kuma muka ba matar ɗan Gwaggo haƙuri. Muka raba kwanaki. Waɗanda ke birni suka ɗauki kuɗin magani da sabulu. Matan zumunta biyu su kan zo ran Laraba su zauna da tsohuwa domin ita ta sami zuwa kasuwa ta kuma huta. Ba ta koma gidansu ba. In kun ga mai jinya ta soma yawan kuka ko faɗa ko rama, ku sani ita ma tana bukatar a duba ta.

Abin da za mu iya yi tun yanzu

Ba mai iya hana tsufa, amma wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na lalacewar ƙwaƙwalwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, yawan giya, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwa a kai, zaman kaɗaici, da rashin ilimi tun yarinta. Saboda haka mu da muka haura arba'in mu riƙa auna jininmu, mai babur ya sa hular kwano, a kai tsoho a cire masa yanar ido, a kuma bar yara mata da maza su yi karatu.

An keɓe ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara domin tunawa da masu wannan cuta a duniya duka. Ba sai mun jira ta ba. In akwai tsoho ko tsohuwa a unguwarku da aka soma yi wa raɗa, ku je ku gaishe su cikin makon nan, ku karanta wa mutanen gidan wannan shafi. Jiya da na shiga gaishe da Gwaggo ta kira ni da sunan mahaifina. Na amsa, na zauna, muka ɓare gyaɗa tare har aka kira ni cin tuwo.